Wai waye cikakken mutum? Rigimar masana a kan mudun da Turawan mulkin mallaka suka bari

A 'yan shekarun nan labarai sai zuwa suke suna cin karo da juna, har mutum ya rasa inda aka dosa. A watan Mayun 2024 Najeriya ta ajiye takenta ta koma tsohon na 1960 wanda wata Baturiyar Ingila ce ta rubuta baitocinsa, su kuma maƙwabtanmu na Nijar a 2025 suka ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma na aikin ofis. Jamus ta fara dawo da kayan tagullar Benin a ƙarshen 2022, Tarayyar Afirka kuma ta ware 2025 a matsayin shekarar neman diyyar bauta da mulkin mallaka. Ana cikin haka sai ga wata kalma a bakin 'yan jami'a daga Gadau a Bauchi har Kashere a Gombe, wai dikoloniyal, in ka matsa musu da tambaya su ce maka ai maganar ta wuce take da kayan tarihi, magana ce a kan wa ake lissafawa a matsayin mutum tun farko. Nan ne wasu ke cewa to fa, yau kuma sai an yi digiri kafin a san waye mutum? Wasu kuma suna zargin ƙin boko ne aka sa wa kwat.

Me ake nufi tukuna

Mulkin mallaka dai kowa ya san shi, wata ƙasa ta zo da bindiga ta ƙwace taka, ta ajiye gwamna da razdan da di'o, ta karɓi haraji. Namu ya ƙare ranar 1 ga Oktoba 1960. Amma wani masani ɗan ƙasar Peru mai suna Anibal Quijano ya ce akwai abu na biyu da ba ya sauka tare da tuta, wato tsarin da mulkin ya kafa na jera mutanen duniya hawa-hawa bisa launin fata da asali, kuma wannan jerin shi ke yanke wa zai yi aikin ƙarfi wa zai riƙe alƙalami, sanin wa za a kira ilimi, na wa za a kira camfi. Kakkaɓe wannan abu na biyun shi ake nufi da dikoloniyal.

A ɗauka mai hatsi ɗaya ne a kasuwar Muda Lawal ya ƙera mudu yadda ya ga dama, ya ce da shi za a auna na kowa, kuma shi ne mai awon. Akwai masu cewa ba komai, a dai auna mu da gaskiya kamar yadda aka auna shi, waɗannan su ne masu neman daidaito a cikin tsarin da ake kai. Akwai kuma masu cewa a'a, a kawo mudun a duba, wa ya ƙera shi, don wa. Na biyun nan su ne mutanen da ake magana a kansu.

Inda abin ya faro

Yawancinsu daga 1492 suke kama lissafi, shekarar da Garnaɗa ta faɗi daular Musulmi ta ƙare a Andalus, kuma shekarar da Kolumbus ya isa nahiyar Amurka. A Sifaniya aka riƙa bin dokokin tsarkin jini, ko Musulmi ko Bayahude ya koma Kirista jikokinsa ba sa fita daga zargi, ka ga an tashi daga abin da mutum ya yi imani da shi an koma jinin da ke jikinsa. A can Amurka kuwa tambayar ta fi haka muni, wai mutanen da aka tarar mutane ne sosai? Sai da Paparoma Paul na III ya fitar da takarda a 1537 yana cewa e, mutane ne. Duk da haka a 1550 aka zauna muhawara a garin Valladolid, wani masani Sepulveda ya kawo hujjar Aristotle, masanin tsohuwar Girka, cewa akwai waɗanda aka halitta don bauta, wani limamin coci Las Casas ya ce ƙarya ne. Shi Las Casas ɗin ma a farkon rayuwarsa ya taɓa ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka su maye gurbinsu, daga baya ya yi nadama.

Da ƙarfin coci ya ragu sai kimiyya ta karɓi aikin. A 1758 Linnaeus, mutumin Suwidin da ya tsara sunayen tsirrai da dabbobi da 'yan sakandare ke haddacewa har yau, ya kasa ɗan Adam huɗu, ya ce Bature doka ce ke tafiyar da shi, ɗan Afirka kuwa son zuciya. Masanin falsafa David Hume ya rubuta cewa yana zaton baƙar fata a halitta ƙasa yake da fari, Hegel kuma ya karantar da ɗalibansa a Jamus cewa Afirka ba ta cikin tarihin duniya. Ba a littafi kawai abin ya tsaya ba. Dokar bayi ta Faransa ta 1685 ta lissafa bawa cikin kadarorin da ake ɗauka a sayar. A 1781 ma'aikatan wani jirgin bayi mai suna Zong suka jefa 'yan Afirka sama da 130 cikin teku, da maganar ta je kotu a Landan ba shari'ar kisa aka yi ba, shari'ar inshorar kaya ce. Sarah Baartman daga Afirka ta Kudu aka yi ta nuna jikinta ana karɓar kuɗi a Landan da Faris, ta mutu a 1815, sai 2002 aka mayar da abin da ya rage na gawarta gida. Har a 1958, saura shekara biyu mu samu 'yanci, an kafa ƙauyen 'yan Kwango a baje kolin Brussels mutane na zuwa kallo.

Abin da masu wannan ra'ayi ke so a lura da shi shi ne duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da Turai ke shelar 'yancin ɗan Adam. Jefferson na Amurka da ya rubuta a takardar shelar 'yancin ƙasarsu a 1776 cewa an halicci dukkan mutane daidai yana da ɗaruruwan bayi. Wasu na cewa munafunci ne kawai. Su kuma suka ce ba nan gizo ke saƙar ba, shi a ransa bai ga wani saɓani ba, don waɗancan ba sa cikin mutanen da yake nufi.

Yadda ya sauka a ƙasar Bauchi da Gombe

Turawa sun shiga Bauchi a farkon 1902, Gombe ma ta shiga hannunsu a shekarar, a Yulin 1903 kuma aka yi yaƙin Burmi kusa da Bajoga inda Sarkin Musulmi Attahiru na I ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Wannan ɓangaren bindiga kenan, an san shi. Ɓangaren da ba a cika magana a kai ba shi ne na fayil.

Gwamna Lugga a littafinsa na 1922 ya kasa mutanen ƙasashen nan uku, ƙabilun da ya kira na farkon zamani, al'ummun da suka ɗan ci gaba, sai 'yan Afirka da suka Turance. Ya kwatanta ɗan Afirka da mutum mai fara'a, almubazzari, marar kamun kai da hangen gaba, kusan yaro dai. Abin lura, su ma 'yan bokon Legas da suka yi duk abin da aka ce a yi, suka sa kwat suka iya Turanci, bai yarda da su ba, gani yake kwaikwayo suke. Wato ko ka cika mudun sai a ce ba haka ake cikawa ba.

A Arewa kuma sun zo da wani tunani da ake kira ra'ayin zuriyar Ham, cewa duk wani abin kirki da aka gani a Afirka, sarauta ce ko rubutu ko birni, to wasu masu hasken fata ne suka kawo shi daga waje. Da wannan idon suka kalli Fulani, suka ce su aka haifa don mulki, Hausawa na biye, sauran kuma can ƙasa. Tarihin Bauchi kansa bai yarda da wannan lissafi ba, domin Malam Yakubu da ya karɓo tuta daga Shehu ya kafa garin, shi Bageri ne ba Bafulatani ba, almajirci da ilimi ne suka kai shi, ba launin fata ba. Charles Temple, wanda ya yi razdan a Bauchi a farkon zuwansu, daga baya ya rubuta littafi a kan yadda ake mulkin waɗanda ya kira jinsunan 'yan ƙasa, matarsa kuma ta tattara kundi guda na ƙabilun Arewa daga rahotannin jami'ai, kowace ƙabila da bayaninta.

A irin waɗannan takardu Tangale da Waja da Tula da Cham da Dadiya da Zaar da Jarawa da mutanen duwatsun Ningi duk suna ƙarƙashin suna ɗaya, arna. Gaskiya ba Bature ne ya ƙirƙiro kalmar ba, ya tarar da ita, da raini da hare-haren bayi da ke bayanta. Abin da ya ƙara shi ne ya sa ta a taswira, ya sa ta a ƙidaya, ya ba ta irin kotunta da irin harajinta, ya bar mishan su shiga can ya hana su shiga garuruwan sarakuna, abin da a da yake motsi, mutum ya musulunta ko ya yi ƙaura ko ya yi aure ya zama wani abu daban, sai ya daskare a fayil. Wasu yankunan kamar Tangale-Waja aka ware su, wasu aka cusa su ƙarƙashin hakiman da ba nasu ba, kuma duk mai bin rigingimun sarauta na yankin Tafawa Balewa da Bogoro ya san wannan lissafin bai rufu ba. Talakan cikin birni shi ma bai tsira ba, tsofaffi na ba da labarin diban gwamna lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka riƙa kwasar samari ta hannun dagatai ana kai su haƙar kuza a Jos, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su.

Me masu ƙalubalantar ke cewa

Aime Cesaire na tsibirin Martinik ya ce a 1950 mulkin mallaka mayar da mutum kaya ne, ya ƙara da maganar da ta ƙona wa Turawa rai, wai abin da ba su yafe wa Hitila ba shi ne ya yi wa farar fata abin da aka saba yi wa Larabawan Aljeriya da Indiyawa da baƙaƙen Afirka. Ɗalibinsa Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa da ya yi aiki a Aljeriya lokacin yaƙin 'yanci, shi ya duba abin ta ciki, yadda wanda aka mulka yake koyon kallon kansa da idon wanda ya mulke shi, har ya ji kunyar harshensa da fatarsa da sunansa. Man bilicin da ke cike da shagunan kayan kwalliya da shi ake yawan kafa misali a nan.

Wadda ta fi zurfafawa ita ce Sylvia Wynter ta Jamaika. Ta ce Turai ta ɗauki nau'in mutum guda ɗaya, namiji, fari, mai boko, mai dukiya, ta ce shi ne ɗan Adam gaba ɗaya, kowa kuma ana auna shi da nisan da ke tsakaninsa da wannan. Da farko ma'aunin hankali ne, daga baya ya koma na halitta da tattalin arziki, wanda ke samu yana saye shi ne cikakke, marar aiki da matalauci kuwa kamar shi ya ja wa kansa. Bayan dukan da 'yan sanda suka yi wa wani baƙar fata mai suna Rodney King ta rubuta wata wasiƙa a kan wani taƙaitaccen lakabi da jami'an tsaro a Los Angeles ke sa wa ƙararrakin da suka shafi matasa baƙaƙe marasa aiki, ma'anarsa babu ɗan Adam a ciki.

To in an ajiye wancan me za a ɗauka? Nan amsoshi suka yi yawa. John Mbiti na Kenya da Ifeanyi Menkiti na Najeriya sun ce a tunanin Afirka mutum da jama'a yake zama mutum, ba shi kaɗai a ɗaki da tunaninsa ba, abin da mutanen kudancin Afirka ke kira ubuntu. A Hausa ma akwai tsohon ma'auni na mutumin kirki, gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci, babu launi a ciki babu satifiket, kuma wani tsohon jami'in mulkin mallaka ne ma, Kirk-Greene, ya tattara su a wata lacca da aka buga a 1974. Malamai kuma na cewa ai an riga an gama maganar a Suratul Isra'i aya ta 70 inda Allah ya ce ya karrama 'ya'yan Adam, da Hujurat aya ta 13. A wajen 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya ba da fatawa ga masu tambaya daga arewacin Sahara cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya lissafa Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba.

A gida kuwa ba a jira littafin kowa ba. A shekarun 1940 a garin Bauchi Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Balewa suna zaman tattaunawa da ya kai ga yi wa En'e da razdan tambayoyin da ba a saba ba, kuma abin da NEPU ta tsaya a kai daga 1950 bai wuce cewa talaka mutum ne ba, ba sai ya cire takalmi ya zube ƙasa ba kafin a saurare shi. Daga baya Dakta Yusufu Bala Usman a Zariya ya yi ta yaƙi da karanta tarihinmu a matsayin faɗan ƙabilu da jinsuna, yana cewa rabe-raben rahoton di'o ne aka mayar gaskiya.

Masu ja da su

Sukar da ta fi ƙarfi daga gida ta fito. Farfesa Olufemi Taiwo, ɗan Najeriya da ke koyarwa a Amurka, ya fitar da littafi a 2022 yana cewa an mayar da kalmar maganin kowace cuta, kuma jingina komai ga Bature raina ɗan Afirka ne, kamar ba shi da zaɓi, alhali mulkin Ingila a Arewa bai wuce shekara 60 ba cikin tarihi mai tsawon ƙarnuka. A wurinsa dimokuraɗiyya da kimiyya da 'yancin mutum a gaban hukuma ba kayan Bature ba ne, na duk wanda ya ɗauka ne, kamar yadda bayin Haiti suka ɗauki kalaman juyin juya halin Faransa suka kori Faransawan da su a 1804.

Suka ta biyu ita ce kafin Bature ma ba aljanna ake ciki ba. Daular Sakkwato tana da bayi masu ɗimbin yawa, kuma sai 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. Fatawar Ahmad Baba ɗin ma Musulmi ta kare, ba kowa ba. Har gobe in maganar aure ta taso wasu gidajen sai sun binciki asali, ɗan bayi ne, ɗan mahauta ne, ɗan maroƙa ne, kuma wannan ba Lugga ya koya wa kowa ba. Kwame Gyekye na Gana shi kuma ya ja da Menkiti, ya ce in har jama'a ce ke ba mutum mutuntaka to ina matsayin jariri, ko mai taɓin hankali, ko wanda ya saɓa wa garinsu kuma shi ne mai gaskiya? Amsar ɗaya ɓangaren ita ce e, bauta da raini sun daɗe a ko'ina, amma ɗaure su da launin fata a ce kimiyya ce, a shimfiɗa su a duniya gaba ɗaya, wannan sabon abu ne.

Akwai kuma tsoro na musamman a yankinmu. A Bauchi, a Dutsen Tanshi, rikicin Boko Haram na Yulin 2009 ya fara, don haka duk maganar da ta yi kama da sukar ilimin Turawa sai kunnuwa su tashi. Sai dai waɗannan masana ba cewa suke a bar makaranta ba, Fanon likita ne, sauran kusan duk farfesoshi ne, abin da ake musu gori da shi ma kenan, cewa da Turanci mai tsauri suke rubutu a jami'o'in Amurka, littafin ma ɗalibin Kashere sai dai ya samu a waya. Wasu kuma na lura da yadda masu mulki ke fakewa da kalmar, da an yi maganar 'yan jaridar da aka kulle sai su ce haƙƙin ɗan Adam shirin Turawa ne, alhali Afirka na da yarjejeniyarta ta 1981 wadda ta tabbatar da haƙƙin mutum ta ƙara da na al'umma.

Ina ruwan talaka

A asibiti ruwansa yake da farko. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, kusan rabinsu aka ba shi sauran aka ba su wani maganin, 11 daga cikin yaran suka mutu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma rashin yardar da abin ya bari yana cikin abin da ya hura wutar ƙin allurar shan inna a 2003, kuma yaran talakawa ne suka shanye. Ɗan abin nan da nas ke maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar jini, bincike a Amurka a 2020 ya nuna ya fi yin kuskure a kan baƙar fata. Ba mugunta ba ce, jikin da aka ɗauka shi ne daidai lokacin gwaji ba irin namu ba ne.

Sai makaranta. Duk wanda ya yi sakandare a nan ya san monita da 'yar takardarsa yana rubuta sunayen masu yin banakula, ka yi Hausa ko Fulatanci ko Tangale ko Bolanci a ci ka tara ko ka sha bulala. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen gida, a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da soke tsarin a koma Turanci. Masu goyon bayan sokewar na cewa babu littattafai babu malamai, jarrabawa kuma da Turanci ake yi, kuma a gari kamar Gombe harshen wa za a zaɓa, don ɗan Tula na iya ganin Hausa ma danniya ce. Ɗaya ɓangaren na cewa yaro ya fi kama karatu da harshen da yake mafarki da shi. Kusa da wannan akwai alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma a fom ɗin hukuma yana layin waɗanda ba su yi karatu ba, shi ya sa cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007 ya zama rigima.

Na ƙarshe takardar indijin. Mahmood Mamdani na Uganda ya ce rabon ɗan ƙasa da baƙo gadon mulkin En'e ne, inda haƙƙinka ke rataye da ƙabilarka da ƙasar kakanka. Yaron da aka haifa a unguwar Jekadafari a Gombe, ubansa ma nan aka haife shi, in zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati ana iya ce masa ya koma garin da bai taɓa kwana ba ya karɓo takarda. Masu ra'ayin Taiwo za su ce tsarin mulkin 1979 da na 1999 mu muka rubuta, mu muka sa rabon muƙamai bisa asalin jiha, a daina kiran sunan Lugga. Masu son gyara na cewa a koma kan inda mutum yake zaune yana biyan haraji, ƙananan ƙabilu kuma na tsoron in aka yi haka za a haɗiye su a ƙasar kakanninsu, kuma duk gyaran tsarin mulkin da majalisa ta yi daga 1999 zuwa yau bai warware wannan ba.